Kafin ka mayar da kayan kwamfutarka kan babban faifai

In faifan ajiyar laftof ɗinka ya cika har Windows na jan ƙafa, ba lallai sai an yi mata fomat ba. Ana kwafe tsohon faifan ɗungurungum, da Windows da manhajoji da fayiloli, zuwa wanda ya fi shi girma.

Ni dai manhajar kwafa mai suna Clonezilla nake nuna wa kowa. Kyauta ce, ba ruwanta da kamfanin da ya ƙera faifan, kuma daga filashi take tashi, Windows ba ta sa mata baki. Inda akwai kaya kaɗai take kwafa, shi ya sa ba ta ɓata lokaci. Ba ta da kwalliya, rubutu ne zalla, kuma sai an natsu wajen zaɓen faifan da za a ɗebo da wanda za a zuba wa, don in aka juya su komai ya salwanta. In an gama ka ga C, wato ɓangaren faifan da Windows ke ciki, bai ƙaru ba, filin na nan, Disk Management na cikin Windows za ka shiga ka faɗaɗa shi. Faifan da ya haura 2TB kuwa sai da tsarin rarraba faifai na GPT, domin tsohon tsarin, MBR, a nan ya tsaya.

Akwai wasu manhajojin kwafa, amma Samsung Data Migration ba ta aiki sai sabon faifan na Samsung ne. Macrium Reflect kuma an janye samfurinta na kyauta. Akwatin kwafa mai maɓalli kuwa, wato na'urar da ake sa wa faifai biyu ta kwafa da kanta, asarar kuɗi ne ga mai aikin rana ɗaya.

Babbar matsalar a kasuwa take. An taɓa sayar mini da faifan SSD a wani shago nan Sakkwato, kwali tsaf, an rubuta 1TB, ashe ɗan ƙaramin guntu ne aka koya wa ƙarya. Kwamfuta za ta nuna maka 1TB cif, amma da ya cika abin da yake iya ɗauka sai fayiloli su riƙa lalacewa shiru. Manhajar H2testw ce ke tona shi, don cika faifan take yi sannan ta karanto abin da ta rubuta. Akwai kuma na gwanjo da ake gogewa a ce sabo ne. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna sa'o'in da ya yi yana aiki. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu neman araha, ku yi ciniki bisa sharaɗin gwaji, a rubuta a rasit. Mai shagon da ya ce "Alhaji, ai ba a buɗe kwali", bar masa kayansa.

Ranar kwafa ka cika batir ko ka tada janareta, kuma kar ka goge tsohon faifan sai sabon ya yi kwanaki yana tashi lafiya.