Matashin iska ko ƙwallon zama? Ni dai matashi zan ce ki ɗauka

Malama, tsakanin babbar ƙwallon roba da matashin iska da kika tambaya wanne ya fi dacewa ƙananan ɗalibanki su zauna a kai, ki sayi matashin. Duka biyun na gwada su a ajina na 'yan shekara 5 zuwa 6, kuma ƙwallon ce har yau nake da-na-sanin sayenta.

Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ya iya minti biyu a kujera. Ko ya ɗaga ƙafafun kujerar na gaba yana lilo, ko ya zame ƙarƙashin tebur, ko ya tafi feƙe fensirin da ya feƙe ɗazu. Na yi faɗa har na gaji, shi ma ya fara ɗaukar kansa yaro marar ji, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da na ɗora masa matashin, kwana biyun farko wasa ya yi ta yi da shi. Bayan nan sai na lura ƙugunsa na ta ɗan juyawa, amma idonsa na kan allo. Ranar da ya fara cika shafi guda da rubutu bai tashi ba, da gudu ya kawo mini littafin, yana cewa in duba in gani. Wallahi sai da na ji hawaye.

Matashin nan faifan roba ne da ake ɗorawa kan kujera, mai faɗin kusan santimita 30, gefe ɗaya sumul, ɗayan da 'yan ƙuraje. Da yake ba ya tsayawa cak, jikin yaro na ta gyara zama a hankali, sai ya samu motsin da yake nema ba tare da ya bar wurinsa ba. Kujerarsa ce, teburinsa ne, ba wanda zai ce an ware shi. Lokacin labari kuma ya ɗauko abinsa ya zauna a ƙasa. Iska kaɗan ake hura masa. In ya cika tam ya zama dutse, amfanin ya tafi.

Ƙwallon ba zan ce ba ta da amfani ba. A 2003 an gwada ta a Amurka da yara uku 'yan aji huɗu masu matsalar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, zamansu da rubutunsu suka gyaru. To amma 'yan aji huɗu ne. A wajena tsalle aka yi ta yi, tana gangarawa da zarar an tashi, kowa na kukan shi ma sai ya hau.

Kada kuma ki ɗauka matashin magani ne. Wani bincike na 2008, shi ma a Amurka, ya bai wa 'yan aji biyu masu wahalar mai da hankali irin wannan matashi awa biyu a rana har mako biyu, malamansu suka ga canji. Amma a 2011 an gwada shi da yara biyu 'yan ajin share fage masu autism, wato larurar da ke sa yaro wahalar mu'amala da mutane, ba a ga wani bambanci ba. Ƙananan gwaje-gwaje ne, kuma natsuwa suka auna, ba sakamakon jarrabawa ba. Ni ma ina da yarinya mai shiru-shiru da ta ture shi gefe, ta ce jiri yake sa ta. Ban matsa mata ba. Saboda haka uku ko huɗu sun ishe ki, ba sai kowa ya samu ba.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Duk wanda ya ce kayansa na warkar da ADHD, ki wuce abinki, ƙarya yake. Wasu na manya suke turo miki a matsayin na yara, sai ya zarce kujerar. Wasu robar sirirya ce mai wari, bakin hura iskar na yoyo. Ki fara sayen guda ɗaya, ki hura, ki ɗora masa littattafai masu nauyi ya kwana. In da safe ya sace, kada ki koma wajen. Ƙwallo ma haka suke yi, a rubuta a kwali cewa ba ta fashewa, alhali ta gaskiyar a hankali take sacewa in ta huje, ta bogin kuwa fashewa take da yaro a kai.

In matashin ya iso, ki duba ƙafafun yaron, domin yana ƙara masa tsawo. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, gwiwa ta lanƙwashe daidai. In suna reto, ki sa masa ɗan katako ya taka, in ba haka ba mutsu-mutsun ƙaruwa zai yi.