Kwanonka ko robar gidan abinci?

Idan ka ci abinci a waje ya rage, ko dai ka karɓi farar robar nan ta gidan abincin ko ka ciro kwanonka daga jaka. Tasu ba wahala, amma wallahi murfinta baya kamawa, miya ta zube a leda, kuma ci ɗaya sai bola, ga ta ba ta ruɓewa, shekaru tana nan kwance. Naka kuwa sai ka tuna ka ɗauko, sai ka wanke, wani lokacin ma ka ɗan ji kunyar fito da shi gaban mutane. Ni dai na zaɓi nawa, mai murfi mai kamawa gam, ina isa gida sai firij kawai.