Keken monogram ya cije bayan sabis: zare ne a huk ko taimin ne ya gudu?

Salam 'yan uwa teloli. Ƙaninmu na Jekadafari a Gombe da yayi tambaya jiya da dare, kayi haƙuri sai yanzu na samu zama, aiki ne ya sha kaina. Ga waɗanda basu gani ba, cewa yayi kekensa na monogram, wato mai zana ado a jikin kaya, mai kai ɗaya allura 12, ɗan Chana mai sikirin ɗin kamfanin Dahao, ranar Juma'a ya rufe shago yayi masa sabis irin wanda muka saba, ya cire fulet (faifan ƙarfen da allura ke shiga raminsa) ya share ƙura ya ɗiga mai ya canza allurai, yana kunnawa bai yi ɗinki ashirin ba sai ji yayi ƙaf, ya cije. Mutum biyu suka bashi amsa, ɗaya yace zare ne ya cushe a huk (ƙarfen nan mai tsini da ke zagayawa a ƙarƙashin fulet yana kamo zaren allura), ɗaya yace taimin ne ya gudu, wato daidaiton lokacin haɗuwar huk da allura, ya kwance ya sake saitawa. Toh shine yake tambaya wanne zai bi.

Ni dai ƙanina kafin komai ajiye sukudireban nan tukuna, kar ka taɓa sukurorin huk. Bari in jera maka su biyun ka gani da idonka.

Yadda kowanne ke nuna kansa ba ɗaya bane. Cushewar zare ita ce take riƙe keke ya ƙi juyawa gaba ɗaya, moto yana gurnani amma ba motsi, ka ja yadin kaji kamar an ɗaure shi da fulet, ka leƙa ƙasa kaga zare ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Wani lokacin ma baza ka ga dunƙule ba, ɗan guntun zare ne wanda bai kai tsayin farce ba ya shige tsakanin huk da kwandon da kes ɗin bobin (gidan zaren ƙasa) ke zama a ciki, shikenan ya ƙame. Shi kuwa taimin in ya gudu keken baya tsayawa, gudu yake abinsa lafiya lau, sai dai baya ɗauko zaren ƙasa, ko yana tsallake ɗinki, ko yana tsinka zare, ko kaji ƙyas ƙyas allura tana gugar huk har ta karye. Kaga kenan wanda yace maka taimin ne bai saurari labarinka da kyau ba, kai cewa kayi ya cije.

Sai kuma me yake jawo kowanne, anan ne nafi so ka tsaya. Share ƙura da ɗiga mai basa motsa taimin. Huk a ɗaure yake jikin shaf da sukurori, uku ne a yawancin kekunan nan, baya gocewa sai an bashi wahala, kamar allura ta daki firem ɗin da ke riƙe yadi tana cikin gudu, ko zare ya cushe mutum ya murɗa da ƙarfin tsiya, ko wani ya kwance da hannunsa. Amma cushewa fa duk abinda ka lissafa kayi ranar Juma'a zai iya kawo ta. Ka canza allurai 12, kana da tabbacin duk ka tura su sama har ƙarshe kafin ka ɗaure? Allurar keken nan DBxK5 gindinta zagayayye ne, bata da ɓangaren da aka fere irin ta ƙaramin keken gida da zai hana ka sa ta a karkace, dole kai ne zaka duba, dogon layin nan da zare ke kwanciya ya kalle ka, ɗan lotsawar da ke saman ido ta kalli baya wajen huk. In ta juya ko ta sauko ƙasa da yadda ya kamata huk bazai kama zare daidai ba. Ka cire fulet, da ka mayar allura a tsakiyar rami take sauka ko ta jingina gefe? Kes ɗin bobin kaji ƙas da ka tura shi? Sannan in da iska ka hure wajen, bulowa ko baki, toh ba fitar da ƙura kayi ba, tura ta ciki kayi, ga hunturun Gombe ga burbushin shadda da sitei (abin da ake shimfiɗawa a bayan yadi), su haɗu da mai su zama kamar ƙullu a bayan wuƙar yanke zare, wuƙar ta fita ta kasa komawa gidanta allura ta sauko ta same ta a hanya.

Gwajin da zai raba maka gardama baya cin minti biyar. Kashe keken daga soket, ba daga sikirin ba, don hannu zaka sa a ƙasan allura. Cire kes, cire allurar da ke aiki, yanke zaren da ya riƙe yadi daga ƙasa da reza ka ɗauke firem, sannan ka kwance fulet. Yanzu kama abin juyawar da hannu, inda ake ganin lambobin digiri, ka juya a hankali ta ɓangaren da lambobi ke ƙaruwa. In ya ƙi, ɗiga man keke farin nan ɗigo biyu a bakin huk ka bari ya ratsa, kana ɗan yi gaba kaɗan baya kaɗan, kaɗan fa nace, zaka ga bakin zare ya leƙo ka zare shi da hantsaki. Ka haska tocila ka nemi kan allura, in wata ta karye guntun yakan maƙale a nan. Da zarar ya saki ya zagaya sumul toh zare ne, magana ta ƙare. Gwajin taimin kuma sai keke yana juyawa ake yinsa, ka sa sabuwar allura, ka juya ta sauka can ƙasa wajen 180, ka ci gaba zuwa kusan 200, a nan tsinin huk ya kamata ya iso daidai bayan allura cikin lotsawar nan, tazarar da ke tsakaninsu kamar kaurin takarda, tsakanin 0.1 da 0.3 na milimita. Wannan 200 ɗin na kekunan kamfanin Tajima ne da 'yan Chana da suka kwaikwaye shi, wasu kamfanonin lambarsu daban, saboda haka ka duba littafin kekenka.

Ga wata dabara da maigidana ya koya min tun ina yaron shago. Allurai 12 ɗin nan duk huk ɗaya suke amfani dashi. In lamba 3 ce kaɗai ke tsinkewa amma 4 da 5 suna ɗinki lafiya, babu ruwan taimin, matsalar tana kan allurar ko hanyar zarenta ko tenshan ɗinta. Sai duk sun lalace tare sannan ake zargin huk da taimin. Haka masu kai 2 ko 4, in kai ɗaya ne ke rigima kar a taɓa sauran.

Wajen asara ma ba a haɗa su. Cire zare ba ya cin ko sisi, in ma baka yi daidai ba babu abinda ka ɓata. Taimin kuwa in ka kwance baka iya ba ka sayi aiki, don abu biyu ake saitawa a lokaci guda, lokacin isowar tsini da tazararsa da allura, kana gyara wannan wancan na gudu, ga ɗan yatsan ƙarfen da ke riƙe kwando shima yana son a bar masa hanyar da zare zai wuce. Ni ya taɓa cina. Saura kwana shida ƙaramar sallah, manyan riguna a jibge, keken ya cije bayan na sa mai, raina ya bani taimin ne na kwance sukurori duka, ashe guntun zaren sulba ne a huk. Garin gyaran gira na rasa ido, kwana biyu keken na zaune sai da na ɗauko makaniki daga Kano na biya kuɗin mota da na aiki da na masauki, masu kaya kuwa wayata har zafi take.

Akwai na uku da babu wanda ya ambata a cikinsu kuma yana yawan biyo bayan sabis. Keken nan a kan digiri 100 yake tsayawa, a nan ne kai ke iya matsawa ya canza kala. In garin shara ka juya shi da hannu ka barshi a wani wuri, zaka kunna ya ƙi komai, a Dahao yakan rubuta EC12, kai kuma kace ya cije alhali jira yake a mayar dashi 100. Juya da hannu ka kai shi, ko ka danna alamar 100 a sikirin in huk a sake yake. Haka in kan ya tsaya tsakanin allura biyu sikirin bazai nuna lambar allura ba, akwai ɗan abin murɗawa na canza kala, ka murɗa a hankali har lamba ta fito, amma ka tabbata duk sandunan allura suna sama kuma hannuwan jan zare sun jeru a layi ɗaya. Kar ka tura kan da ƙarfi, abin da ke ɗaga sandar allura a ciki na roba ne, in ya fashe an koma neman kaya a Kano ko Legas.

Game da man da ka ɗiga, wane iri ne? Na sha ganin yara suna sa man inji ko na girki, wlh wannan kashe huk ne. Huk zagaye biyu yake duk saukar allura ɗaya, in kana gudu 800 a minti shi 1600 yake yi, ɗigo ɗaya na farin man keke duk bayan awa huɗu na aiki ya ishe shi, ba wanka ake masa ba, in yayi yawa ma farar shaddar mutane zai ɓata maka.

In ya saki kar ka ɗora rigar kwastoma kai tsaye. Shafa farce a tsinin huk, in kaji kaushi ka goge da sanfefa mai laushi sosai, ka zura 'yar takarda ƙarƙashin sifirin ɗin kes ka fitar da dattin da ya taru, ka sa tsumma a firem ka rage gudu zuwa 400 ko 500 ka ɗinka harafi ɗaya da kowace allura. Juya bayan ka duba, zaren bobin ya zama kashi ɗaya cikin uku a tsakiya, na sama a gefe da gefe. In duk allurai sun ƙi ɗauko zaren ƙasa bayan wannan, toh a lokacin ne maganar ɗan uwanmu mai cewa taimin ta shigo, don mai yiwuwa cijewar ce ta gusar dashi, kuma ko a nan gara ka kira wanda ya saba ka tsaya kusa dashi ka koya.

Ka turo hoton abinda sikirin ya rubuta da ɗan bidiyon huk ɗin bayan ka cire fulet, kana juyawa da hannu. In kuma bai saki ba har la'asar, gobe in Allah ya kaimu zan shiga babbar kasuwa sayen zare, sai in biyo ta shagon naka.