Rajistar ƙirƙira ta OAPI daga Yamai: abin da take yi wa mai walda da abin da ba ta yi

Duk wanda ya ƙera injin ɓarar gyaɗa ko murhu mai tsimin gawayi ya san ba a daɗewa ake ganin irinsa a kasuwar Katako ta Yamai, da wani fenti, a farashin da bai kai nasa ba. Maganin da hukuma ta tanada shi ne rajista a OAPI, ƙungiyar kare ƙirƙira ta ƙasashe 17 da ke da cibiya a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Nijar na ciki, kuma ba sai an je Kamaru ba: ana ajiye dosiye a Yamai, a ofishin da ke wakiltar ƙungiyar. Ita ce ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali, wato shaidar yankin da kaya suka fito, saboda haka ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Abin yabo na farko, dosiye ɗaya na kare mutum a ƙasashen 17 gaba ɗaya, har da Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi. Amma Najeriya ba ta ciki, kuma wannan babban giɓi ne ga maƙerin Tawa ko Ƙonni da rabin masu sayen kayansa daga Illela da Sakkwato suke zuwa. Mai son kariya a can sai ya sake ajiyewa a Abuja, cikin wata 12 daga ranar ajiyar farko, in yana son a lissafa masa wannan ranar.

Takardun iri-iri ne, kuma a nan mutane ke ɓata kuɗi. Kowa brevet yake nema, wato babbar takardar mallakar ƙirƙira, don shi ne ya yi suna. Brevet na shekara 20 ne, amma sai abin ya zama sabo a duniya, kuma ba dabarar da kowane gwanin sana'ar zai hango da kansa ba. Galibin abin da ke fitowa daga shagunanmu gyaran fuska ne ga injin da ake da shi: an sauya bakin zuba hatsi, an sa madaidaicin tazara, an rage nauyi. Irin wannan modèle d'utilité ya fi dacewa da shi, wato kariyar ƙaramar ƙirƙira ta shekara 10, wadda sharuɗɗanta ba su kai na brevet tsauri ba. Akwai kuma rajistar siffar kaya, shekara 5 da ake sabuntawa har 15, da ta tambari, shekara 10 da ake ta sabuntawa. A ganina, mai shago ɗaya da yara uku ya haɗa ƙaramar kariyar da tambari, ya bar brevet sai in dabarar ta kai.

Dosiyen ya ƙunshi takardar nema, bayanin ƙirƙirar, zane, taƙaitaccen bayani, rasit na biyan kuɗi, da jerin abubuwan da mutum ke cewa nasa ne, waɗanda ake kira revendications. Da Faransanci ko Ingilishi ake rubutawa, ba a karɓar Hausa, saboda haka yawancin maƙera sai sun nemi mai rubuta musu. Zanen kuwa ba hoton waya ba ne: layi baƙi a farar takarda, kowane ɓangare da lambarsa, lambar kuma ta dace da wadda ke cikin bayani.

Jerin nan na revendications shi ne ran takardar, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Ɗauki injin ɓarar gyaɗa. Dabararka ita ce ƙusar da ake murɗawa ta matso da rariya kusa da gangar ko ta nisantar da ita, don kada ƙwayar ta farfashe in an sauya iri. In ka rubuta “ganga ta ƙarfe mai kaurin milimita 3, tazara milimita 10, mota mai ƙarfin doki 2”, ka ɗaure kanka. Maƙwabcinka zai yi tazara 12, ya sa ƙaramin injin fetur, ya ce ba naka ya kwaikwaya ba. Abin da za a rubuta shi ne rariya mai motsi da hanyar daidaita tazararta, awo kuma ya zo a matsayin misali cikin bayani. Wanda ya iya Faransancin wasiƙa kawai ba zai iya wannan ba. Gara a biya wakili mai izinin OAPI.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. An gama injin, murna ta sa an ɗauki bidiyo an watsa a Facebook da WhatsApp, ko an sayar da guda biyar. Da zarar jama'a sun gani kafin ranar ajiya, sabuntar ta tafi, ko da kai ka nuna. A ajiye tukuna, sannan a yi talla. Kafin ma a kashe ko dala, a duba Espacenet, rumbun bayanan ƙirƙirorin da aka yi wa rajista, a intanet, kyauta ne, domin sau da yawa abin da aka ɗauka sabo wani ya yi masa rajista tun tuni.

Bayan ajiya akwai kuɗin shekara-shekara. In lokaci ya wuce ana ba da wata 6 tare da tara, daga nan haƙƙin ya faɗi. A tambayi ofishin jadawalin kuɗi na yanzu, a kuma tambayi rangwamen da ake yi wa masu ƙirƙira ƴan ƙasa.

Sai batun saye da sayarwa. OAPI ba ta da ƴan sanda a kasuwa. In an kwaikwaye ka, kai za ka je kotu, ka nemi izinin alƙali ma'aikacin kotu ya je ya ƙwace ko ya rubuta kayan, da kuɗinka. Kan wanda ya ƙera guda biyu a bakin titi, wannan asara ce. Inda takardar ke biyan kanta shi ne in wani babban shago ko ƙungiyar raya karkara na son guda ɗari: sai a yi yarjejeniya a rubuce, a faɗi yawan da za a ƙera, yankin da za a sayar, da jika nawa mai dabara zai karɓa kan kowane guda. A kai yarjejeniyar a shigar da ita rajistar OAPI, in ba haka ba ba ta hawa kan wanda bai sa hannu a cikinta ba. Kowane inji kuma ya fita da ƙaramin allon ƙarfe mai tambari da lambar rajista, a liƙe da walda, ba da ƙusa ba.