Zaren araha ya sa na kwana ina farke bargon amarya

Shekara tara ke nan ina ɗinkin zanin gado da bargo mai faiba a nan Gombe, amma ban taɓa zama na yi wa zare dogon tunani ba sai Disambar da ta wuce. Yadi da ƙafata nake zuwa in zaɓa. Faiba sai na matsa ta da hannu na ji kaurinta kafin in biya. Zare kuwa aike nake yi. In kala ta dace, kuma an manna 40/2 a gindin kon ɗin da aka naɗe shi a kai, shi ke nan, a ɗora a keke.

Wata Hajiya ce da muka daɗe tare, ni na yi wa 'ya'yanta biyu kayan gado lokacin aurensu, ta kawo aikin autarta. Bargo biyu na gado shida da bakwai, ɗaya ruwan madara, ɗaya marun, duka yadi mai santsi mai sheƙi wanda babu ko ɗigon fure a jikinsa. Masu sana'ar sun san abin da wannan ke nufi: ɗinkin da zai danne faibar shi ne adon gaba ɗaya. Gida-gida ta ce in yi mata kamar na dara, a karkace. Ranar Alhamis za a tafi jere Kumo.

Na gama na ruwan madarar ranar Litinin da ragowar zaren da na saba saye, ba na tsada ba, ba kuma na ƙarshen araha ba. Zaren marun ne babu. Na aiki yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina babbar kasuwa da guntun yadin a hannu. Ta dawo da manyan kon uku har da canji mai kauri. Mai shagon ya ce mata sabon kaya ne, lamba ɗaya ce, duk abu ɗaya ne. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. A watan biki, ga kuɗin fetur ga kuɗin faiba da ya tashi, wa zai ƙi canji?

Layin farko ya fita lafiya. Na biyu ma haka. A tsakiyar na uku na ji "tas", zare ya tsinke. Wanda ke ɗinkin riga ba zai gane zafin wannan ba, domin shi ɗinkinsa a ciki yake ɓuya, in ya tsinke sai ya koma baya kaɗan ya ci gaba. A kan bargo kuwa layin a fili yake, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma duk inda kika haɗa sai ya fito kamar tabo, musamman a yadi mai sheƙi. Na sake zura zaren daga farko. Na cire allura mai lamba 14 na sa 16. Na sassauta tenshan, wato abin da ke matse zaren, na ɗiga mai, na rage gudu har keken lantarkin ya koma tafiyar na ƙafa. Wuta ta ɗauke, muka tayar da janareta. Kafin la'asar na ƙirga tsinkewa goma sha huɗu, kuma ko rabin bargon ban kai ba. Da na juya bayansa sai gabana ya faɗi: wurare da yawa zaren ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta dame, wasu wuraren kuma allura ta tsallake ɗinki biyu uku a jere.

Ni dai na riga na ɗora wa keke laifi. Na kira dattijon da ke yi mini gyara, ya zo bayan magariba. Yana kwance farantin ƙarƙashin allura sai ga jan ɓurɓushi danƙare a tsakanin haƙoran keken da gidan kwarkwaro, kamar an cusa audugar rimi. Keken da na share da safe! Ya hure, ya goge, ya juya da hannu ya saurara, sannan ya ce, "'Yata, keken nan lafiyarsa lau. Miƙo mini zaren."

Ya warware kamar tsawon gaba guda ya ɗaga saitin ƙwan fitila. Wallahi sai a lokacin na ga abin da nake ta fama da shi tun safe. Gashi ne buzu-buzu a jikinsa, nan ya yi kauri, nan ya sirance kamar zai rabu. Ya naɗe a yatsu biyu ya ɗan ja, ya tsinke ba gardama. Ya ci gaba da warwarewa har ya ci karo da ƙulli, wato a masaƙar ma ya tsinke musu suka ɗaure suka ci gaba da naɗi. Na ce, "Baba, ai lambar ɗaya ce da wanda na saba." Ya ce lambar kaurin zare kawai take faɗa, da cewa sili biyu aka murɗa, ba ta faɗin ingancin abin da aka murɗa. Irin wannan guntaye-guntayen zaruruwa ne aka haɗa, shi ya sa yake zubar da gashi. Sannan ya nuna mini bakin wani da ya tsinke, da ɗan dunƙule mai tauri a kai. Foliyesta roba ce, daga man fetur ake samo ta. Allurar keken lantarki in tana ratsa yadi biyu da faiba a tsakani zafi take ɗauka, duk inda zaren ya sirance nan yake fara narkewa.

A daren na zauna da reza ina farkewa. Wannan daren shi ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Yadi mai sheƙi ba ya mantuwa da allura, duk inda ta shiga sai ta bar huda. Na kankare da farce, na sa tururin dutsen guga, wasu suka rufe, wasu suka ƙi. Wajen ƙarfe biyu, ido ya yi nauyi, rezar ta zame ta yanki yadin kusa da tsakiya. Na ajiye na yi kuka, ba kunya a faɗa. Da safe na koma kasuwa na sake sayen yadin saman gaba ɗaya, Allah ya taimake ni irin kalar ba ta ƙare ba. Ribar aikin ta tafi a nan, har da ɗan abin da ke hannuna. Canjin da na yi wa murna bai kai kuɗin yadi ɗaya ba.

Wata ƙawata mai ɗinki a Tumfure ce ta cece ni. Ita daga Kano ake aiko mata da zare mai tsada, na ajin su Coats da Gütermann. Ta ba ni ƙananan kon biyu, kowanne mita 1000, ta faɗa mini kuɗinsu. Ɗaya tak ya fi waɗancan manyan ukun a haɗe. Na ji shi har cikin raina, amma ba ni da zaɓi.

Na fara bayan azahar ranar Laraba, na gama bayan isha'i. Ko sau ɗaya bai tsinke ba. Ko sau ɗaya! Har ƙarar keken sai da ta canza, ta koma sumul ba wannan gargada. Layukan suka kwanta a cikin faibar tsaf, gidajen suka kumburo daidai wa daida, bayan bargon kamar gabansa. Don in tabbatar, na buɗe farantin bayan na gama, abin da na samu bai kai a ɗauka da yatsa ba. Na yanki guntu na warware da farce, sai na ga bambancin: akwai dogon sili mai santsi a tsakiya wanda ba guntaye ba ne, shi aka naɗe da laushin waje. Ni "mai zuciya" nake ce masa yanzu. Wannan zuciyar ce ƙarfinsa.

Duk da haka sai da safiyar Alhamis na kai kayan, 'yan jere na cikin mota suna jira na. Hajiya ta shafa bargon, ta juya bayansa, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ba ta ce komai a kan lattin ba, kuma shirun nata ya fi mini faɗa ciwo.

Bayan biki na zauna da tef na yi lissafin da ya kamata in yi tun shekarun baya. Bargon inci 90 ne kowane gefe. In tazarar layi inci 4 ce, kuma an gicciya ta ɓangare biyu, tsawon ɗinkin ya ɗan haura mita 100. A haɗa zaren sama da na kwarkwaro, da kaurin faibar da yake zagayewa, wajen mita 300 ke nan. Wato ƙaramin kon ɗin nan da nake ganin tsadarsa zai danne bargo kusan uku. In aka raba kuɗinsa uku aka ajiye kusa da kuɗin yadi da faiba, ba ya ma cikin abin da ake magana a kai. Wannan ya ba ni haushin kaina ƙwarai.

To amma kada a ɗauka mai tsadar ba shi da nasa. Na farko dai samunsa. Sai ki tura hoton yadi, ki jira mota daga Kano, kaya su iso ki ga kalar ta ɗan kauce, domin waya ba ta faɗin gaskiyar kala. Mai biki kuwa ba ya jira. Sannan santsi gare shi, in keke ya tsaya sai ya riƙa zamowa daga kon ɗin yana naɗe gindi, sai da na yanki tsohuwar safa na sa masa. Tenshan ɗin da ya yi wa na araha daidai shi ya yi masa yawa, in ba ki sassauta ba zai tattare miki yadin ya yi ƙudurƙudur a bakin layi, kuma shi ba zai tsinke ya gargaɗe ki ba. In kika yi kuskure kika zo farkewa, kada ki ja da hannu, sai ya yanke ki. Dutsen guga na gawayi in ya yi jawur, da shi da na arahar duk narkewa suke. Abin da ya fi ƙona mini rai, a aike na biyu da na yi ta hannun wani daban, guda biyu sun zo da takarda mai kyau da kuɗin mai kyau, na ɗaga a haske na ga gashi buzu-buzu. Jabu ya shigo har nan. Ranar na ce to me ya yi zafi, in dai haka ne gara in tsaya a na tsakiyar da na saba, shekara tara bai taɓa kunyata ni irin haka ba.

A keken wibin, mai kama bakin yadi, ma ba na sa mai tsada, asara ce. Kon uku yake ɗauka a lokaci guda, yana shan zare kamar ruwa, kuma ɗinkin a ciki yake. Haka in zan kafa yadi da faiba da allurar hannu kafin in hau keke, na arahar ya fi, tunda cirewa za a yi kuma tsinkewarsa da sauƙi nan ta yi rana.

Wani lokacin in ina wannan dube-duben zare a haske sai kakata ta faɗo mini. Garin nan garin auduga ne, har yau muna da unguwar da ake kira BCGA, sunan kamfanin audugar Turawa. Ita da mazari da alli take kaɗi a tsakar gida, ta san zarenta tun daga gurza. Mu kuma yau na roba muke saye a leda, ba mu san inda ya fito ba sai abin da takarda ta ce. Ba wai ina so in koma na auduga ba ne a bargo. Irin wankin da muke yi, a jiƙa, a cuɗa, a matse da mutum biyu, a shanya a rana mai zafi, foliyesta mai kyau ya fi jurewa, yana ɗan miƙewa kuma ba ya ruɓewa.

A Janairu zuciyata ta yi sanyi, na ce ko na zalunci zaren nan ne, wataƙila gudun keken lantarki ne bai iya ba. Wata maƙwabciyata ta haihu, na yi wa jaririyar ɗan bargo fari mai furanni, na bi shi da ragowar marun ɗin a tsohon keke Butterfly na ƙafa, a hankali. Sau biyu kawai ya tsinke. Har na fara gaya wa yarinyata cewa ashe yana da wurin da yake aiki. Ko arba'in ba a yi ba mai jegon ta aiko mini da shi a leda, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifi. Kayan jariri kusan kullum cikin ruwa suke. Layi huɗu sun ɓalle, faibar ta tattaru a kusurwa ɗaya ta dunƙule, kuma duk inda zaren ya bi ya zubar da ja a kan farin yadin. Kyauta ce fa na yi, ta barka. Duk ɓacin ran daren Disamba ya dawo mini sabo, har na fi jin wannan, don wancan ni kaɗai na gani, wannan kuwa a gidan mutane ya tona mini asiri.

Shekaranjiya na shiga kasuwa da kaina. Mai shagon ya miƙo kon, na ce, "Malam, bari in gwada." Na warware tsawon gaba guda na ɗaga a bakin ƙofa inda rana ke shigowa, na naɗe a yatsu na ja. Ransa bai so ba, ya ce ba a taɓa yi masa haka ba. Na farko da na biyu na mayar masa, na uku na biya. Sabon bargon jaririyar yana kan keke yanzu, da farin zare mai zuciya, ranar Asabar zan kai mata da kaina.