Wata shida ina biyan kuɗin gudun asuba a Kaduna, ga yadda na ga abin

Tun ranar da na ɗora hotonmu a kan gada mutane ke ta tambayata wai da gaske kuɗi kake biya don kawai ka yi gudu? E, da gaske ne. Ƙanena ma cewa ya yi in ba shi rabin kuɗin zai dinga biyo ni da bulala kullum da asuba. To bari in faɗi abin da nake samu da abin da ban samu ba, wanda ya ga zai iya sai ya shiga.

Asalin abin likita ne ya duba ni ya ce jini ya hau, tumbin nan kuma sai an rage shi. Na fara da Murtala Square kamar kowa, kuma gaskiya tun gyaran da aka buɗe a 2022 wurin ya yi kyau, amma ni zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke sati uku kawai na iya, na gaji. Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani koci mai fitar da mutane gudun asuba, matashi ne siriri kamar sillen kara, yana cikin waɗanda suka yi gudun kilomita 21 da aka yi a Kaduna a Nuwamban 2020, har yanzu da jesin yake fitowa ko da ta koɗe. Tsarinsa Talata da Alhamis da Asabar, N6,000 a wata, da daddare zai turo hanyar da za a bi a WhatsApp, ranar Asabar kuma akwai keke napep da ke bin mu a baya da fiya wata, wanda ya sare ya hau.

Hanyar Talata ita ce ta sababbin shiga. Daga wajen Murtala Square a gangara ta Swimming Pool Road zuwa Kabala Doki har bakin Gamji, a miƙe jijiya a juyo. Ba tudu sosai, kwalta ce duka. Nan ne na fara sanin ashe ƴar gadar ƙarfen nan ta Lugga da ke Gamji a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance aka kawo ta nan. Shekara nawa ina garin nan ban sani ba sai da na sa gajeren wando. Duk sabon da ya zo kuma sai ya tambaya ko akwai kada tunda sunan garin daga kadduna ya fito, ni dai wata shida ko jelar guda ban gani ba.

Amma inda kuɗina ke fita shi ne Asabar. Mu tashi daga Unguwan Rimi mu haura gadar da ta tsallaka zuwa Millennium City, wani lokacin mu ɗan taɓa titin Yakowa sannan mu sauka daga kwalta mu bi hanyar ƙafa ta masu lambu. Wallahi wanda bai ga kogin Kaduna da ƙarfe shida da kwata na safe a cikin hunturu ba bai san Kaduna ba, ruwa ya ja baya duwatsu sun fito yashi ya kwanta fari fat, hazo a kwance a kan ruwan kamar hayaƙin murhu, can ƙasa masu haƙar yashi sun riga sun shiga da kwalekwale tifa na jiransu a gaɓa, injin ban ruwa na ta tat-tat-tat a cikin kabeji da latas, kai kuma kana haki hancinka na zafi saboda sanyi amma ba ka so a juya. Masu lambun duk sun san kocin, shi ya sa muke ratsa gefen gonakinsu ba wanda ya ɗaga mana murya, sai dai ka ji wani dattijo ya ce a gaida ƴan gudu, wa ya koro ku yau? Kai kaɗai ka ce za ka bi wurin, ko dai ka taka wa mutum shuka ko ka ɓulla bayan gidan da karnuka uku ke kwance.

Ni a Agusta na shiga, tsakiyar marka, kuma a lokacin ban gane amfanin mutumin ba. Ina ta mita an ce mini gudun bakin kogi ga shi kullum sai cikin GRA, Isa Kaita, Sultan Road, Rabah Road, ƙarƙashin maɗaci da malaina. Ya ce Alhaji yi haƙuri, kogin nan ba a yi masa gardama a Agusta da Satumba. Wata Asabar ya tsayar da mu a kan gada don in gani da idona, ruwa ja wur kamar kunun jar dawa ya cika ya tumbatsa yana tafe da rassan itace da robobi, hanyar da yanzu muke bi ko alamarta babu. Ruwan daga tsaunukan Jos yake tasowa, ko a nan ba a yi sama ba in an yi a can zai iso, kuma duk wanda ya zauna kusa da Kigo Road ya san ambaliyar da nake faɗa. Sai wajen ƙarshen Oktoba ya fara saukar da mu ƙasa, shi ma ya riga ya je shi kaɗai ya taka ya ga inda laka ta bushe.

Yanzu zuwa inda raina bai so ba. A tallarsa ya rubuta har da gudun daji, ni kuma da na ji daji a Kaduna hankalina Afaka ya tafi, gandun nan na hanyar Mando kusa da NDA, mai dogayen itatuwan turare a jere. Na tambaye shi yaushe za mu je, ya kalle ni ya ce Alhaji ni ba na kai mutane inda sai an yi musu addu'a kafin su dawo. Kuma gaskiyarsa ce, tun Maris ɗin 2021 da aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun dajin da ke wurin ba mai hankalin da zai ja mutum ashirin da asuba ya shiga can. Ban ga laifinsa ba a kan ƙin zuwa. Laifinsa shi ne barin kalmar daji a talla, don abin da ake kai mu wasu gonakin mangwaro ne da ƴan layukan turare a tsallaken kogi, minti ashirin kun ratsa kun fito, kana ciki ma kana jin rediyon gidajen mutane. Wuri ne mai daɗi, ƙasa mai laushi gwiwa na hutawa, ƙamshin ganyen turare in ka taka, amma a kira shi da sunansa.

Sai maganar rabuwar ayari. Mataimaki ɗaya gare shi, samarin gaba kuma ba sa jiran kowa, to in mataimakin bai zo ba mu na baya sai Allah. Akwai ranar da ni da wata Hajiya da ta girme ni muka tsaya a mararraba ba mu san dama ko hagu ba, waya ba ta shiga, sai wani yaro mai kiwo ne ya ce sun yi nan. Hajiya ta wanke kocin tas, ta ce ɗan nan in ba za ka iya kiwon tsofaffi ba ka daina karɓar kuɗinsu. Daga ranar ya fara zuba garin toka a mararraba yana yin kibiya, abin dariya amma yana aiki. Mai keken ruwa ma sau biyu yana makara. Lokacin fita kuma ya ɗan matse, in an idar da asuba a masallacin unguwarku a makare sai ka iske sun tashi, na yi magana an ƙara minti goma.

Takalmi kada ka sayi fari, jar ƙasar nan ba ta fita. Ni kambas ɗin gwanjo na ɗauka a Kasuwar Barci, shi ya duba mini tafinsa ya ce lafiya, har yau shi nake sawa. A hunturu ka zo da abin rufe hanci da man shafawa a leɓe.

In maki ne zan ba shi 7 cikin 10. Wanda ya riga ya iya gudu kuma yana da abokai biyu uku, wata uku na rani ya ishe shi ya haddace hanyoyin ya kama gabansa. Ni dai na sake biyan na wannan watan, don na gwada fita ni kaɗai wata Lahadi na ƙare a wurin mai shayi a Unguwan Rimi da ƙwai biyu da biredi, ko gadar ban kai ba.