Casio fx-991ES Plus a aikin jingar fiziks: inda take taimako da inda take kai ɗalibi ta baro

Ga ɗan sakandare ko ɗan shekarar farko a jami'a, wannan kalkuleta ta isa duk lissafin motsi da na haske. Tana aiki da hasken rana da ƙaramin batir LR44, kuma tana rubuta kashi sama da ƙasa kamar yadda ake yi a littafi. Sai dai yawancin makin da ake asara da ita saiti ne ke jawowa.

Kafin komai a duba saman allonta. In ba ƙaramar D ce a wurin ba, wato alamar auna kusurwa da digiri, a danna SHIFT, MODE, 3. Dutsen da aka jefa da gudun mita 20 a daƙiƙa a kusurwar digiri 30, in g, wato jan nauyin ƙasa, 10 ce, zai faɗi a nisan 400 × sin 60 ÷ 10, wato mita 34.6. In R ce a allon, wato radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, wannan lissafin zai ba da −12.2. Wannan kam da sauƙin ganewa, tunda dutse ba ya komawa bayan mai jifa.

Wanda ya fi haɗari shi ne na baka. Da an danna sin, ita da kanta take buɗe baka. Haske ya shiga gilashi mai n (ma'aunin karya haske) = 1.5 daga iska a digiri 45: daidai shi ne sin(45) ÷ 1.5 = 0.471, sannan SHIFT sin ya ba da digiri 28.1. Wanda bai rufe bakar ba, sin 30 ta lissafa masa, ya tashi da digiri 30 cif. Amsa ce mai kama da gaskiya, shi ya sa ba a cika kama ta ba.

Akwai kuma inda saƙon Math ERROR shi ne amsar. Haske daga cikin gilashin zai fita iska a digiri 50: 1.5 × sin(50) = 1.149, SHIFT sin zai ba da Math ERROR, domin babu kusurwar da sin ɗinta ya wuce 1. Kalkuleta lafiyarta ƙalau, hasken ne bai fita ba, ya koma ciki gaba ɗaya domin ya wuce iyakar digiri 41.8.

A lissafin lens mai tattara haske, f (nisan da yake tattara hasken) = santimita 10, abu a santimita 15, in an shigar da 1/10 − 1/15 za ta nuna 1/30. Wannan 1/v ne, v kuwa nisan hoton ne daga lens ɗin. Sai an danna x⁻¹ a samu 30. In abin yana santimita 6, v zai fito −15, kuma fassarar alamar aikin ɗalibi ne: hoton yana ɓangare ɗaya da abin, ba ya kamuwa a allo.

MODE 5, 3, mai warware lissafi mai t², ya fi komai rage wahala. Dutsen da aka cilla sama da mita 15 a daƙiƙa daga rufin mita 20 yana ba da 5t² − 15t − 20 = 0. A shigar da 5, −15, −20, ta fito da 4 da −1. Daƙiƙa 4 ake ɗauka. Haɗa ƙarfi biyu masu kusurwar 90 kuwa, SHIFT + sannan 3, 4 zai ba da 5 a digiri 53.13.

A kula da g ɗin da ke cikinta, 9.80665 ce, alhali tambayoyin WAEC da NECO kan ce a ɗauki 10. A bi takarda.

Aibinta a fili yake. Ba ta san santimita daga mita ba, ba ta zana hanyar haske ko kiban ƙarfi, allonta kuma ba shi da fitila, in an ɗauke wuta sai da tocila. Jabunta sun cika kasuwa, don haka a gwada lissafin dutsen rufin nan a gaban mai shago, a ga ko kowane maɓalli na amsawa da dannawa ɗaya kafin a biya.